Magini a Rijal Alma'a

Ranar hutuna ɗaya tak daga asibitin Abha,
na ce, Baba, tunda ka sauke Umra,
zo in kai ka ka ga wani gari.
Ya ce, gari ai gari ne, Tasalla.
Amma ya ɗauki sandarsa.

Hanya ta yi ta naɗewa kamar gammo,
mota na gangara, kunnuwa na toshewa,
gajimare a ƙasanmu yake, ba a sama ba.
Birai sun jeru a bakin kwalta
kamar masu jiran albashi.
Wani ya kama madubin mota ya leƙa,
bai ji daɗin abin da ya gani ba.
Baba na jan carbi, ido a rufe,
har muka kai ƙasa.

Sai ga ta:
gidaje na goye da gidaje,
hawa biyar, hawa shida, dutse bisa dutse,
tagogi 'yan mitsi-mitsi, an zagaye su da fari
kamar idon da aka yi wa kwalli da alli.

Mufarrih, jagoranmu,
ya ɗaura furanni da ɗoɗɗoya a ka,
ƙamshi na riga shi shiga lungu.
Yana ta zuba: ayarin Yaman, zuma, turare,
shekara kaza, kakan kakan wane.
Ina fassara rabi, ina haɗiye rabi.
A wani ɗaki na tsaya baki sake,
mata sun zane bango da ja da kore da ruwan ɗorawa,
kusurwa na bin kusurwa har rufi.
Na juya in ce, da Inna na raye...
Babu Baba.

Can na same shi bayan wani gida
inda ba mai ɗaukar hoto,
ya jingine sanda, ya manna tafi a bango
yadda nake dafa goshin mara lafiya.
Shekara arba'in da biyu yana gini a Gusau,
gwiwa ta ƙare masa a kan tsani.
Ya ce, duba nan.
Babba ya kwanta, ƙarami ya toshe kafa,
kowa na riƙe da ɗan'uwansa.
Wanda ya ɗora wannan layin bahago ne.
Na ce, ta yaya ka sani?
Ya ce, ta yadda kike sanin zazzaɓi.

A gindin bangon akwai wani ɗan falle,
bai kai tafin jariri ba, ya faɗo.
Ya durƙusa da ƙyar, na ji ƙarar gwiwar.
Ya juya shi sau uku, ya hure ƙasar,
ya nemo gurbinsa,
ya buga da gindin sanda: ƙwas, ƙwas.
Ya zauna daram.

Mufarrih ya iso yana haki,
ya buɗe baki zai ce an hana taɓawa,
ya dubi dutsen, ya dubi hannun,
kantar da ke jiki, farcen da ya tsage.
Bai ce komai ba.
Ya cire furen kansa ya ɗora bisa hular Baba.
Baba ya ce, namiji da fure?
Gaya masa na gode, amma kar a ji a gida.

Mun ci gurasa da zuma a kan matakala,
zumar baƙa, mai ɗan ɗaci a ƙarshe.
Hoto sittin na ɗauka.
A cikin hamsin ƙeyarsa kawai ta fito.

Da muka kama hanyar hawa bai rufe ido ba.
Yana ƙirga katangun gonaki a jikin tsauni,
furen ya karkace, ya sauko masa kan kunne.
Wajen Isha ya ce in kira masa Ɗanliti.
Na ji yana ɗaga murya, kamar Gusau na bayan ƙofa:
Katangar gidan Hajiya Kulu,
kar wanda ya taɓa ta.
Ku tara mini duwatsu, har da ƙananan.